Tulun Inna da Jami'o'i Biyu

Jami'o'i biyu ne suka ɗauke ni karatun digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a, kuma a damina ɗaya saƙonninsu suka shigo wayata. Ɗaya tana babban birnin jiharmu: in ka bar Tambuwal bayan karin kumallo, kafin azahar kana cikin aji. Ɗayar tana can kudu, a wani ƙaton birni da sai ka wuni ka kwana a mota kafin ka hango gadojinsa. Duk wanda na nuna wa saƙonnin sai ya yi mini barka, ya ce ai zaɓin ba shi da wuya. Ni kuwa na yi makonni abinci ba ya yi mini daɗi, saboda birnin nan na kudu shi ne inda yayana ya tafi cin rani ina ƙaramin yaro, bai dawo ba har yau. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, don a gidanmu an saba riƙe sunan nan a baki.

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Kebbe, ba nisa da Fakku. Baba malamin zaure ne, magidanta yake karanta wa littattafan fiƙihu bayan la'asar, da safe kuwa yana gona kamar kowa. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna: Yaya ɗan fari, sai mata a tsakiya, sai ni auta. Kowace uwa a wajenmu tana kunyar ɗan farinta, amma ta Inna ta fi ta kowa, har mata 'yan'uwanta suna yi mata tsiya a kai. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. In tana son a kira shi sai ta dube ni ta ce, "Kai, faɗa ma wancan tuwo na hucewa." Yayyena mata sukan haɗa baki su tambaye ta sunan mai shagon bakin kasuwa, wanda takwaran Yaya ne, ita kuma ta ɗaga muciya su watse suna dariya. Duk da haka tsokar da ta fi girma a miya kullum a kwanonsa take ƙarewa. Ni ake ba wa in kai, wai ita haƙorinta ba ya son nama mai tauri, alhali naman ya dahu har yana rabuwa da ƙashi.

Wata kaka bayan an ɗaure gero, ya bi motar shanu daga kasuwar Tambuwal zuwa kudu, yadda samarin garinmu suka saba. Da safen da zai tafi ya zo ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa. Tana tankaɗe, ta ba shi baya. Ya ce zai tafi. Ta ce, "Allah shi tsare," idonta a kan rariya. Ya ɗan jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba, ya tashi ya kaɗe gwiwarsa. Ina tsaye a gindin turmi ina kallonsu. Na ga hannunta ya daina kaɗa rariyar tun kafin ya kai zaure, amma ba ta waiga ba.

Shekarar farko ya aiko da atamfa da sabulu. Ta biyu ya aiko da gaisuwa. Daga nan sai masu dawowa da farkon damina suka fara kauce wa ƙofar gidanmu. Da Baba ya matsa musu, ɗaya ya ce ya gan shi a kara, wurin masu shanu, lafiyarsa lau. Wani ya sunkuyar da kai ya ce shi a tasha ya gan shi, ba takalmi, yana magana shi kaɗai, kuma ya kira sunansa har ya gaji bai waiga ba. Baba ya tura ƙanensa, baffanmu, ya zaga birnin har ƙafarsa ta kumbura, ya dawo ba labari. An yi saukar Alƙur'ani, an yi sadaka. Ba a yi masa sallar gawa ba, don ba wanda ya ce ya mutu, aka dai ci gaba da jira.

Mata suka ce kurciya ce, wato an yi masa asirin da ke raba mutum da gida ya bi duniya. Wata goggon Inna ta zo daga Sanyinna da maganin abin, ta faɗa a ɓoye don ta san Baba ba ya son irin waɗannan. Kiranye za a yi. A samo sabon tulu da bai taɓa ganin ruwa ba, uwar da ta haife shi ta sa bakinta a bakin tulun ta kira sunansa sau uku. Duk inda yake, in ji goggo, zuciyarsa za ta tashi, ba zai iya zama ba sai ya nufo gida. Ta nanata cewa bakin uwa ake so.

Da hantsi aka yi, Baba yana gona. Inna ta durƙusa gaban tulun a ƙuryar ɗakinta, ta dafa shi da hannu biyu, ta kai bakinta. Na ga bayanta yana ɗagawa yana sauka. Na kasa kunne in ji sunan a bakinta, har ina ɗokin abin, don yarinta. Ba abin da ya fito sai numfashi. Ta ɗago da gumi a goshi, ta jawo wuyan rigata.

"Zo ka kira shi."

"Inna, goggo ta ce ke za ki kira."

"Na ji abin da tac ce. Kira shi."

Na cusa bakina na kira. Abin da ya dawo kunnena ba muryata ba ce. Tulun ya yi mata kauri, ta dawo muryar babban mutum, irin ta Yaya sak idan yana kiran wani daga ƙarshen gona. Na ji kamar shi ne a ciki yake faɗin sunan kansa. Na ƙarasa ukun da ƙyar na fita da gudu, kuma wunin ranar ban yarda na leƙa randa ba, sai dai a ɗebo mini ruwa.

Haka muka riƙa yi duk kaka, lokacin da 'yan cin rani ke shirin tafiya. Ta durƙusa, ta kasa, ta kira ni. Baba ya sani sarai. Ya taɓa shiga ɗakin ya ga tulun da ba a zuba masa ruwa, ya dube shi, ya dube ta, ya tambayi inda carbinsa yake ya fita. Shekarar da muryata ta buɗe, na sa baki na kira sau ɗaya, sai na ji Inna ta tashi ta bar ɗakin. Na same ta bayan rumbu ta toshe kunnuwa da gefen mayafi. Muryata ce ta zama tasa ko ba a sa tulu ba. Daga ranar ba ta sake nemana ba, ta kife tulun a ƙarƙashin gado. Ban taɓa jin ta ce saboda ita ne bai dawo ba. Amma na san abin da goggo ta nanata, na kuma san Inna ba ta da mantuwa.

Da na shiga jami'a karatun farko, Baba ya tambaye ni me ake koyarwa a wannan fanni nawa. Na ce taimakon mutanen da rayuwa ta kayar. Ya ce ashe yanzu sai an yi shekaru a aji kafin a taimaki mutum, to Allah shi ba da sa'a. Na gama, na samu aiki a ofishin jin daɗin jama'a a Tambuwal, ɗaki mai benci da fankar da ba ta juyawa sai ta ga dama. Yawancin aikin sasanta rigimar ciyar da yara ne tsakanin waɗanda suka rabu, ni kuwa ba ni da haƙurin wannan, don ina da saurin hawa. Abin da nake rigegeniyar karɓa shi ne idan aka kawo mutumin da aka tsinta a kasuwa ko a tasha, wanda bai san garinsu ba. Shugabar ofishin, wata Hajiya da ta kusa ritaya, ta gano ni tun da wuri. Ta ce ni kaɗai ne ma'aikacin da ke fara duba ƙaurin mutum kafin ya dubi fuskarsa. Gaskiya ta faɗa. Yaya yana da tabon lauje a ƙaurinsa na hagu, kuma ko mutumin ya girmi Baba sai idona ya sauka can.

Akwai wani da aka kawo mana daga kasuwar Dogon Daji. Ba ya faɗa, ba ya roƙo, ba ya magana. In an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba ya zauna. Mun gwada masa sunaye iri-iri, ko gezau. Bayan doguwar wahala, aka bi ta nan aka bi ta can, muka samu lambar wata mata a wani gari can gabas wadda ƙanenta ya ɓata. Na sa wayar a kunnensa. Ban ji abin da ta fara cewa ba, amma na ji lokacin da ta ja sunansa, irin jan da ake yi wa yaro idan magariba ta kawo jiki bai shigo gida ba. Sunan nan yana cikin waɗanda muka gwada a ofis, na tabbata, kuma bai motsa ba. Amma da ya fito daga bakin yayarsa sai mutumin ya ɗago kai ya ce, "Na'am." Hajiya ta yi hamdala. Ni kuwa na fita bayan ofis na zauna a kan saiwar darbejiya, tsoro da haushi sun haɗe mini, don na tuna wanda aka kira a tasha bai waiga ba.

To, a cikin wannan halin saƙonnin jami'o'in suka same ni.

Abokan aikina duk ta kusa suka zaɓar mini. Karatun ƙarshen mako ne, ba sai na ajiye aiki ba, malaman na san rabinsu, tuwon ma irin namu ne. Ɗaya ya ce in na je kudu manja zai rina mini hanji kafin in ga digiri. Hajiya kaɗai ta ce ta nesa. Ta ce sashensu ya daɗe da kafuwa, kuma suna tura ɗalibai aikin gwaji wurin masu taɓin hankali da waɗanda ke kwana a ƙarƙashin gada, abin da zai fi dacewa da irin kaina. Sannan ta sauke tabarau ta dube ni.

"Amma ka faɗa man gaskiya, ɗana. Karatu za ka, ko biɗar yayanka za ka?"

"Karatu mana, Hajiya."

"To. In karatu na, ka tafi. In biɗa ta, ka sani birnin ga ya fi ƙarfin ƙafa biyu. Kar ka tafi ka zan na biyu."

Maganar ta yi mini zafi. Na ce mata ni ba yaro ba ne, har na ɗan bugi tebur. Ta bar ni na gama, ta ce in na huce akwai mata biyu a benci suna jirana.

Don in raba gardama, na shiga mota na je ta kusa in gani da idona. Wuri mai itatuwa da natsuwa, tun daga ƙofa raina ya so shi. Na samu malamin da zai duba bincikena, dattijo mai furfura a gemu da raha a baki. Ya tambaye ni a kan me nake son rubutu. Na ce a kan 'yan cin rani da suke tafiya ba sa dawowa. Ya ce batu ne mai kyau, kuma gefe biyu gare shi. In na zauna nan, zan yi ta hira da waɗanda aka bari: iyaye, da matan da ba su san ko su masu aure ne ko masu takaba ba. In na je kudu, zan ga waɗanda suka tafi. Ya ce shi dai zai so in zauna, amma ba zai ɓoye mini ba, waɗanda suka tafi ba su da mai jin ta bakinsu. Sai ya tambaye ni wane gefen ne ban sani ba. Gefen waɗanda aka bari a cikinsa na yi wayo, ba wata hira da za ta ƙara mini komai a kai. Na yi masa godiya na fito, na zauna a tasha motoci suna cika suna tashi ban shiga ba sai da la'asar ta yi.

Ƙarshen makon na tafi gida. Gero ya fara fitar da kai, hanya duk laka. Na jira ɗaliban Baba suka watse, na zayyana masa komai, na bar sunan birnin a ƙarshe. Ya daɗe yana shafa bangon littafin da ke cinyarsa. Ya ce zai yi istihara. Washegari ya kira ni ya ce bai ga komai ba, zuciyarsa ba ta karkata ko'ina ba.

"Ban hana ka ba," in ji shi. "Amma ni tsoho na, kuma na ba garin ga guda. In shawarata kaka biɗa, ta kusa ta fi man. Ka ji ta bakin uwakka."

Ban taɓa jin Baba ya taɓo maganar da bakinsa haka ba. Tausayinsa ya kama ni, na yanke a raina cewa ta kusa zan je, a wuce wurin. Na tabbata Inna ma haka za ta ce. Wace uwa ce za ta miƙa auta inda ɗan fari ya nutse?

Na same ta tana tsinke zogale. Na faɗa mata bambancin makarantun biyu, na ƙara da cewa na riga na zaɓi ta kusa, don hankalinta ya kwanta. Ta ce Allah shi sa albarka, ba ta ɗago ba. Da safe na fito na tarar da tulun a tsakar gida. Ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta cire masa yanar gizo, tana goge shi da busasshen tsumma, don har yanzu ba a yarda ruwa ya taɓa shi ba. Na yi shekaru ban sa shi a ido ba, amma ina ganin bakinsa na ji muryar nan mai kauri a kunnena.

"Inna, mi za ki yi da wanga?"

Na tsuguna gefenta. Ta ci gaba da gogewa, can ta ce, "Makarantar ga ta can, kusa take da tashar?"

Na san tashar da take nufi. Na ce, "Birni guda na, Inna, amma babba na ƙwarai."

"Kac ce suna kai ku wurin waɗanda sunka manta gida."

"Haka na."

"To mi za ka yi a ta kusa?"

Raina ya ɓaci sosai. Na ji kamar ta ɗora mu a ma'auni ta ga wanda ya fi nauyi. Ni da nake gabanta, nake kawo mata magani da goro, ni za a tura saboda wanda ko sunansa ba ta iya faɗa. Na ce, "In na tafi ni ma ban dawo ba fa?"

Hannunta ya tsaya a kan tulun.

"Kai tun kana goye nika kiran ka," ta ce. "Ka san kirana. Wancan bai taɓa ji ba."

Fushin ya zube. Na zauna a ƙasa sosai na ba ta labarin mutumin Dogon Daji, yadda muka kira shi bai motsa ba, yadda ya amsa wa yayarsa. Na ce zan tafi, amma ba zan tafi da muryata kaɗai ba, don muryata ta yi shekaru tana kira ba a amsa ba. Na fito da waya na nuna mata inda ake dannawa ta ɗauki magana. Na ce sunan nake so da bakinta, in tafi da shi. Ta dubi wayar yadda ake duban garwashi, ta ɗauki tulunta ta shige ɗaki.

Na karɓi gurbin kudu, na nemi izinin tafiya karatu a ofis. Baba ya yi mini addu'a mai tsawo, bai sake tayar da maganar ba. Inna ma ba ta sake ba. Har na fid da rai.

Ranar tafiya jakata tana zaure, mai babur yana jirana ya kai ni bakin titi. Na zo ƙofar ɗakinta na durƙusa, a daidai inda Yaya ya durƙusa. Ta miƙo hannu ta ce, "Kawo abin." Na danna na ba ta. Ta shiga ta saki labule, na ji ƙarar gindin tulu a kan daɓe. Baba ya shigo ya ga inda nake, ya ji ƙarar shi ma. Ya kama hannuna ya ce, "Mu je zaure," muka je muka zauna muna kallon babur. Inna ta daɗe a ciki. Da ta aiko a kira ni, idanunta sun yi ja, wayar tana naɗe a gefen zaninta. Ta ce kar in saurara a nan. Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Allah shi tsare."

Sai da mota ta bar ƙasarmu, itatuwa suka fara canzawa, na sa abin kunne. A cikin tulun ta sa wayar. Da farko numfashi ne kawai, mai kauri, yana kai da kawowa. Sai sunan. Na farko ya fito a karye, bakin bai saba da shi ba. Na biyu ya fito cikakke. Na ukun ta ja shi da tsawo, irin jan da matar nan ta gabas ta yi. Na danna na kashe nan take, na kifa kaina a bayan kujerar gaba ina hawaye, maƙwabcina yana ba ni haƙuri a kan rasuwar da ya zaci an yi mini. Akwai sauran abu a bayan kira na ukun, amma na ɗauka ƙarar fito da wayar ce, kuma ba ni da ƙarfin jin ƙari.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba, makarantar tana da kyau. Na koyi abubuwan da ban san ana koyar da su ba: yadda ake zama kusa da mutumin da ya firgita, yadda ake jira, yadda ake tambaya ba tare da tsoratarwa ba. Aka tura mu aikin gwaji a ƙarƙashin gadoji da bayan kasuwanni. Duk wanda na gani mai tsawon Yaya da shekarunsa, sai in tsuguna in kunna masa muryar Inna, in kashe bayan kira na uku. Abin da ban yi tsammani ba shi ne kusan kowa yana waigowa, har waɗanda ba sa jin Hausa. Su ɗago kai su dubi wayar, su dube ni, sannan idon ya koma inda ya fito. Wani tsoho ya riƙe wayar a kumatunsa ya ƙi saki sai da aka lallaɓa shi. Ba ko ɗaya mai tabon lauje a ƙaurin hagu.

Ban san ranar da karatun ya koma biɗa ba. Na fara tsallake aji ina zuwa kara, daga kara in wuce tasha. Malamar da ke duba aikina ta gargaɗe ni, na ce to, na koma. In waya ta shigo daga gida sai in bar ta ta gaji, don ba ni da abin da zan faɗa. Sallah ta zo ban je ba. Takalmina ya tsinke na ɗaure shi da leda. Wata rana wani mai shayi ɗan wajenmu ya dubi ƙafata ya tambaye ni da wa nake magana, sai na ga ba kowa a gefena.

A tashar nan ne, da rana tsaka, na ga wani zaune a gindin katanga ya naɗe ƙafarsa ta hagu da tsummoki. Da na matso, sai ya ɗan gyara ya bar mini wuri a kan kwalinsa, yadda ake bar wa ɗan gida wuri. Na zauna. Na kunna. Yana jin numfashin nan na cikin tulu ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfi, na kasa kai yatsa in kashe. Kira na farko ya wuce, na biyu, na uku. Bai amsa ba, ba shi ba ne. Maganar ta ci gaba da tafiya. Shiru, numfashi, sai na ji Inna ta kira sunana. Ba karyewa, ba ja, yadda take kirana idan tuwo yana hucewa. Sau uku ni ma. Ta yi mini nawa kiranyen tun ina zaune a zaure ina kallon babur.

"Na'am, Inna," na ce da ƙarfi, a tsakiyar tasha.

Mutumin ya sake ni. Na tashi daga kan kwalin, na saya masa abinci, na saya wa kaina takalmi, na kira gida. Washegari na koma aji. Na gama karatun da ƙyar, na rubuta bincikena a kan waɗanda suka tafi, kuma ban sami Yaya ba. Har yau in na ga mutum ba takalmi a bakin titi idona yana sauka a ƙaurinsa.

Da kaka na dawo, ana ɗaure gero. Baba ya tarbe ni a zaure ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na shiga na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Ta leƙa bayana sau ɗaya, wajen zaure, sannan ta shiga ta fito da ruwa a moɗa ta miƙo mini. Na kai baki. Ruwan da sanyi, yana ƙamshin sabon tulu. Na ɗago na dube ta. Ba ta tambaye ni wancan ba. Na shanye na miƙa mata moɗar.